Ƴan Ponti: Malaman Nijar na Farko da Suka Je Karatu Bakin Teku

Duk wanda ke karatu a makarantun horon malamai na ƙasar nan, ko Askiya Muhammad ta Damagaram, ko Bawa Jangwarzo ta Maraɗi, ko Kawsen ta Tawa, ya san in hutu ya zo, mota ɗaya ko biyu ce za ta sauke shi a ƙofar gida. A shekarun 1920 da 1930 abin ba haka yake ba. Ɗan Nijar da ke son zama cikakken malamin lakwal sai ya bar ƙasar ɗungurungum, ya nufi Senegal, ya zauna shekara uku cikin mutanen da bai ji harshensu, bai san abincinsu ba. Makarantar da ake kai su ita ce Wiliyam Ponti, waɗanda suka fito daga cikinta kuwa ana ce musu ƴan Ponti. A cikinsu akwai Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari da Abdu Mumuni. Sunayen nan mun saba ganinsu a allunan tituna da na manyan gine-gine, har mukan manta cewa su ma sun taɓa zama samari baƙi a ƙasar wasu, kamar ƴan uwanmu da ke Maroko ko Aljeriya ko Turkiyya a yau. Wannan baƙuntar tasu ita muke son mu duba, da abin da ta haifa.

Mafarin makarantar

A 1903 ne Faransawa suka tsara harkar ilimi a yankin Afirka ta Yamma da ke hannunsu, suka buɗe sashen horon malamai a Sanluwi, arewacin Senegal. A 1913 aka mai da shi tsibirin Gore, wani ɗan dutse a cikin teku daura da Dakar, wanda tsawonsa bai kai kilomita guda ba. A 1915 babban gwamna Wiliyam Ponti ya rasu, aka sa wa makarantar sunansa. Zuwa ƙarshen shekarun 1930 aka sake ɗauke ta aka kai Sebikotan, kimanin kilomita 40 daga Dakar.

Ba don ƙaunar ilimi kaɗai aka yi ta ba, wannan kowa ya sani. Kawo malami ko akawu daga Faransa na da tsada: albashi mai kauri, kuɗin jirgi, hutu, ga zazzaɓi. Horar da ɗan ƙasa ya fi sauƙi. Shi ya sa aka kasa makarantar gida uku: masu zama malaman lakwal, masu zama akawu a ofisoshin gwamnati, da masu wucewa makarantar likitanci ta Dakar da aka buɗe a 1918. Jorji Hardi, wanda ya riƙe harkar ilimi a yankin a shekarun 1910, ya rubuta littafi a 1917 inda ya nuna ƙarara cewa bayan cin ƙasa da bindiga, saura cin zukata, kuma makaranta ce makamin. To malamin da zai riƙe wannan makamin a ƙauye, a Ponti ake ƙera shi.

Shiga kuwa sai da jarrabawa mai tsanani, wadda yaran dukkan ƙasashen yankin ke zamawa tare. Wanda ya ci, gwamnati ce ke ciyar da shi, ta tufatar da shi, shi kuma ya sa hannu cewa zai yi mata aiki shekara 10. A tsawon rayuwar makarantar a zamanin mulkin mallaka, waɗanda suka fito daga cikinta sun ɗan haura 2000 ne kacal. Ku auna wannan adadin da faɗin ƙasashen da ke tsakanin Dakar da tafkin Cadi, za ku gane dalilin da ya sa duk ɗan Ponti ya zama abin kallo.

Hanyar ma baƙunta ce

Ɗan Nijar ba ya jira sai ya isa Senegal kafin ya san baƙunta. Tun daga hanya take farawa, don ƙasar ba ta da isassun makarantun da za su kai yaro ga jarrabawar. Sai a 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka mai gwamnan kanta, sai a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Babu layin dogo, hanyoyin mota kaɗan ne.

Dubi Bubu Hama. An haife shi a 1906 a Foneko, kusa da Tera. Ya fara lakwal a Tera, aka wuce da shi Dori, daga nan Wagadugu, sannan Gore. A 1929 ya komo a matsayin ɗan Nijar na farko da ya fito da takardar malanta daga Ponti. Kowane zango a tafiyar nan sabon harshe ne: daga Sonrai zuwa Fulatanci, zuwa harshen Mosi, zuwa Wolof, kuma a saman su duka ga Faransanci. Jori Hamani, haifaffen Sudure a 1916, shi ta kudu ya bi: ya yi karatu a Porto Nobo ta ƙasar Dahome, wato Benin ta yau, kafin ya isa Ponti.

A ƙasar Hausa kuwa yaran da suka kama wannan hanya ba su da yawa. Iyaye na da makarantar allo da ta zaure da suka gada, idonsu na kallon Kano da Katsina da Sakkwato, lakwal kuwa suna ganinta a matsayin tarkon anasara. In kumandan ya ce hakimi ya kawo yara, sau da yawa akan ɓoye na gida a tura ɗan talaka ko ɗan bara. Kakanninmu sun ba mu labarin yaran da aka ɓoye a rumbu. Muna iya dariya yanzu, amma tsoron nasu na da tushe. Sun ga wanda ke ɗaukar yaro zuwa lakwal shi ne dai ke ɗaukar babba zuwa aikin tilas da soja.

Abin da suka tarar

Abu na farko shi ne teku. Yaron da ya tashi inda ake jan ruwa daga rijiya mai gaba 20 ko 30, ga shi a kan dutse, ruwa ya kewaye shi ko ta ina, kuma ruwan ba ya shayuwa. Iska mai laima da gishiri maimakon hunturu da bazara irin namu. Abincin bakin teku shinkafa ce da kifi, shi kuwa da fura da tuwon hatsi ya girma. Ga kwanan ɗaki ɗaya da mutane da yawa, ga tufafi iri ɗaya, ga ƙararrawa da ke cewa tashi, ci, karanta, kwanta. Wasiƙa kafin ta je gida ta komo, an yi makonni, kuma a gidan ma sai an nemo mai karantawa.

Na biyu shi ne harshe. A aji Faransanci ne tilas, tun daga ƙananan makarantu ma da sambol ake horon wanda ya kuskura ya yi harshen uwarsa. Amma a Ponti akwai wani abu da ya fi sambol ƙarfi. Wanda ke gadon dama da kai ɗan Gine ne, na hagu ɗan Kodebuwa, na gaba ɗan Dahome. Da me za ku yi hira in ba Faransanci ba? Harshen da aka ɗora musu da bulala shi ne ya koma harshen abota da raha da gardama. Wannan ya fi komai sauya su, don abin da ka yi dariya da shi ya riga ya shiga jikinka.

Na uku shi ne ganin matsayinsu. Ƴan Senegal da ƴan Dahome suna da yawa a makarantar, don ƙasashensu sun daɗe da lakwal, wasu ma iyayensu sun yi karatu. Ɗan Nijar kuwa ƴan tsiraru ne, daga ƙasar da ake yi wa kallon ƙarshen duniya, inda ma'aikaci ke ɗaukar turawa can kamar horo. Ta fannin addini ya sami sauƙi, tunda yawancin mutanen Senegal Musulmi ne, ga Tijjaniyya da ya sani tun gida. Amma makarantar kanta ba ruwanta da addini, kuma a nan ne da yawa suka fara cin abinci kwano ɗaya da Kirista.

Akwai abu na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Garuruwa huɗu na Senegal, wato Sanluwi da Gore da Rufisk da Dakar, ƴan asalinsu na da matsayin ƴan ƙasar Faransa. Suna jefa ƙuri'a. A 1914 sun zaɓi Bilez Jany, baƙar fata haifaffen Gore ɗin nan, ya tafi majalisar dokoki a Paris. Shi kuwa ɗalibin da ya zo daga Nijar, a doka talakan mallaka ne, ubansa na iya kwana a kurkuku bisa umarnin kumandan ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Yanzu ga shi yana tafiya a unguwar da baƙar fata irinsa ke da ƙuri'a da jarida da lauya. Babu malamin da ya sa wannan a cikin darasi, amma shi ne darasin da ya fi zama. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ƙara yarda cewa halin da ake ciki a gida ƙaddara ce da ba ta sauyuwa ba.

Kaye da dandali

Daga shekarun 1930, makarantar ta ɓullo da wasu abubuwa biyu. Na farko, ana ba kowane ɗalibi aikin hutu: in ya je gida ya yi bincike kan wani abu na al'adar mutanensa, aure ko abinci ko magani ko tatsuniya ko kasuwa, ya rubuto. Waɗannan kaye sama da 700 suna nan ajiye a cibiyar IFAN ta Dakar, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin takardun tarihi na duniya. Na biyu shi ne wasan kwaikwayo, wanda wani malami mai suna Sharl Beyar ya ƙarfafa. Ɗaliban kowace ƙasa kan haɗu su shirya wasa daga tarihinsu ko al'adunsu, a nuna a bikin ƙarshen shekara. A 1937 har Paris aka kai su suka yi wasa. Marubucin Kodebuwa Bernar Dadiye shi ma a nan ya yi karatu.

To a nan akwai abin dubawa. Ta wani gefen, wannan ya ba ɗalibi damar ya ɗaga kai ya ce mu ma muna da tarihi. Ta ɗaya gefen, ana koya masa ya kalli gidansu da idon baƙo. Ya zauna gaban kakarsa da fensir, yana tambayarta abin da jiya shi ma yake yi ba tare da tambaya ba, sannan ya rubuta da Faransanci don malami Bafaranse ya ba shi maki. In ya yaba al'adar da yawa a ce bai waye ba, in ya kushe ta ya ci amanar gida. Su kuma masu mulki suna samun bayanan da ke taimaka musu wajen riƙe jama'a, a kyauta.

Sai dai wuƙar ta yanka ta inda ba a zata ba. Bubu Hama ya ɗauki wannan ɗabi'a ta tambayar tsofaffi ya mai da ita aikin rayuwarsa. Ya rubuta littattafai masu yawa kan tarihin Sonrai da Zabarmawa da Fulani da Gobir, ya tattara rubuce-rubucen ajami da na Larabci, ya tsaya har aka kafa cibiyar nazarin tarihin baka a Yamai a 1968. Littafinsa Kotia-Nima, wanda ya ci babbar kyautar adabin Afirka, labarin yaro ne da aka ɗauka daga ƙauye aka haɗa shi da Turai ta hanyar lakwal. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai sunansa yake ɗauke da shi yau.

Baƙunta ta biyu

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne komowa gida ma wata baƙuntar ce. Saurayi ya dawo da kwat da takalmi, ana ce masa mushe. A ƙauye ana girmama shi, ana kuma ɗari-ɗari da shi, don ana ganinsa kunnen bariki. A bariki kuwa takardarsa ba ta kai ta Bafaranse ba. Shaidar Ponti a yankin kawai take aiki, ba ta buɗe ƙofar jami'a a Faransa, albashinsa kuma na ƙasa da na Baturen da suke aiki iri ɗaya. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Ga shi an ce ya koyar da yaran Hausawa ko Zabarmawa da harshen da ba su ji, ya kuma rataya musu sambol ɗin da aka rataya masa.

Jori Hamani ya koyar a Yamai da Maraɗi, sannan a 1938 aka kai shi Paris yana koya wa masu shirin zama kumandan Hausa da Zabarmanci. Ku duba wannan juyi: harshen da aka hana shi yi a aji, shi ake biyansa ya koya wa masu zuwa su mulke shi. Jibo Bakari, wanda aka haifa a 1922, shi ma ɗan Sudure kuma ɗan uwan Jori, ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas kafin ya ajiye alli ya shiga siyasa da ƙungiyar ƙwadago.

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, ƙofa ta buɗe. A 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ba kumandan ikon ɗauri ba shari'a. A shekarar aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, aka kuma kafa RDA a Bamako. Abin da ya sa mutane daga ƙasashe masu nisa da juna suka iya haɗa jam'iyya ɗaya cikin sauri, har da cewa da yawansu makaranta ɗaya suka yi, kamar Hufuwet Buwanyi na Kodebuwa da Modibo Keita na Mali. Mamadu Ja na Senegal da Hubar Maga na Dahome su ma ƴan Ponti ne. Ɗakin kwanan da aka gina don samar da ma'aikata masu biyayya, shi ya haɗa waɗanda suka karɓi mulki.

Kada mu yi musu ado fiye da kima. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo da Sawaba suka ce a'a, Jori da Bubu Hama suka ce i. A 1959 aka haramta Sawaba, Jibo ya yi gudun hijira, ƙasa ta zauna ƙarƙashin jam'iyya ɗaya har juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Malamai ne suka riƙe ƙasar shekara 14 bayan ƴancin kai, amma lakwal ta ci gaba da tafiya da Faransanci kamar yadda suka gada. A 1960 yaran da ke zuwa lakwal a Nijar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma tsarin da ya tace mutum ɗaya ya zubar da ɗari bai sauya da wuri ba.

Ɗan Tasawa

Wanda ya fi kowa fuskantar wannan matsala gaba da gaba shi ne Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, ya shiga Ponti a shekarun 1940, ya wuce Paris, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyyar fizik. Ya kai inda ƴan Ponti na farko aka hana su kaiwa. Da Gine ta ce a'a a 1958 Faransa ta janye malamanta, yana cikin waɗanda suka tafi can don cike gurbi. Daga baya ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙware a makamashin hasken rana.

A 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka. A ciki ya fayyace yadda makarantar mulkin mallaka ke raba yaro da jama'arsa, ya kuma kawo hujja cewa a koyar da yara da harsunansu. A 1969 ya komo gida ya jagoranci ofishin makamashin rana, yana ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da ke aiki da ranar nan da muke kuka da ita. Ya riƙe jami'ar Yamai, ya rasu a 1991, jami'ar ta ɗauki sunansa. A 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Har yau wannan gwajin bai game ƙasa ba.

Maƙwabtanmu na kudu sun bi hanya mai kama da wannan. Ingilishi sun buɗe kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920 don horon malamai, sai bayan yaƙi suka fara tura wasu Landan. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je a 1945, Malam Aminu Kano a 1946, kuma da Aminu ya komo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa. Bambancin shi ne su sun tafi suna manya, bayan sun fara karatu da Hausa, sun san rubuta ta. Namu an ɗauke su suna yara, da harshe ɗaya tal a kan allo. Wannan na cikin dalilan da suka sa yau ɗalibin Maraɗi ke iya rubuta doguwar wasiƙa da Faransanci, amma in an ce ya rubuta da Hausa sai hannu ya yi nauyi, alhali Katsina na nan kusa da shi.

Mu kuma fa?

Yau ana samun bursi zuwa ƙasashe da dama, wasu kuma iyayensu ke biya. Waya ta rage kewa, mutum na iya ganin fuskar mahaifiyarsa kullum. Amma sauran abubuwan na nan: sanyi, abinci, wariyar fata, kuɗin da ba ya isa, da wannan jin cewa kai ɗan ƙasar da ba a sani ba ne. Komowa ma na nan da nauyinta. Wani ya dawo yana raina ajin zana da aka tura shi, wani bai dawo ba sam.

Tarihin ƴan Ponti ya nuna cewa sabawa da ƙasar wasu ba shi ne abu mai wuya ba, kusan dukkansu sun saba. Inda suka bambanta shi ne abin da kowa ya yi da idon da ya samo. Wanda zai tafi, ya buɗe ido kamar yadda suka buɗe a Gore, ya lura da yadda ake tafiyar da makaranta da asibiti da kotu a can, ya yi abota da ƴan sauran ƙasashen Afirka, don irin wannan abotar ta taɓa sauya taswira. Ya kuma riƙe harshensa a rubuce, ba a baki kaɗai ba. Mu da muka tsaya gida kuma mu daina tarbar wanda ya komo da habaici, mu tambaye shi abin da ya gani. Kayen nan sama da 700 da ke Dakar, a cikinsu akwai na ƴan Nijar, da Faransanci aka rubuta su don wani ya karanta. Ya kamata a samu daga cikinmu wanda zai je ya kwafo su, ya juya su zuwa Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, jikokin waɗanda aka yi wa tambayoyin su ji abin da kakanninsu suka faɗa.